Faifan da Bai Iso Ba

Ƙanena Nuhu,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Ingila, ya Maryam da yara? Mu nan Dilimi lafiya.

"Yaya, kafin azumi zan aiko miki faifan da ke juya furotin a kwamfuta." Haka ka ce. Har an gama azumi an sha ruwa, bai iso ba.

Da na gaji da jira, na buga hoton furotin ɗin dafin kububuwa a takarda, na sa rula ina auna amino asid ɗin da ke taɓa juna, wato ƙananan sassan da suka haɗu suka yi furotin ɗin. Ranar kare kundin digirina, baƙon farfesa ya juya furotin ɗin a kwamfutarsa. Amino asid biyun da na ga suna taɓa juna a takarda, na gina babi guda a kansu, ashe ɗaya na gaba, ɗaya can baya. Ya ce, "Malama, takarda ba ta da zurfi." Ban ji komai a raina ba. Na hau acaɓa na dawo gida na ɗora tuwo.

An ba ni damar gyara sau ɗaya. In faifan bai iso kafin Babbar Sallah ba, Zariya zan tafi in roƙi kwamfutar bare, in kuma cire sunanka daga shafin sadaukarwa.

Ka sa ni a addu'a. A gai da Maryam.

Yayarka,
Hadiza