Gangar Baban Mati

Asabar, 9 ga Maris, 2002

Biyu da ɗaya, kuma a filinsu! Yau ’yan ƙwallon Mashi sun san ruwa ba sa’an kwando ba ne. Muryata ta dishe, ban san da wane baki zan yi wa masu kawo ɗinki magana gobe ba.

Al’adarmu da su tun muna samari, garin da ya ci shi ke tafiya da gangar ’yan kallon ɗaya garin, ya riƙe ta sai ranar da aka sake karawa. Sau uku a jere Mati, mai gangarsu, yana raba mu da tamu, yana kirana tela mai ɗinka wa Daura likkafani. Yau ni da hannuna na fizge ta daga kafaɗarsa. Ya riƙe mini riga yana cewa, “Munzali, wallahi ba ta ƙungiya ba ce, tamu ta fashe. Gangar noman marigayi babana ce na aro.” Na ce to yau baban ma ya zama ɗan Daura. Aka yi ta dariya. Sandar kiɗan kawai muka bar masa.

Lahadi, 10 ga Maris

Ya biyo motarmu a babur jiya. Ban rubuta ba. An ce yana asibiti.

Talata, 12 ga Maris

Mati ya rasu da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un.

Ban je jana’iza ba. Ya’u, direban da ya kai mu wasan, ya ce duk ɗan Dauran da ya shiga Mashi a satin nan sai dai a kwaso shi. Na ji daɗin wannan uzuri, Allah Ya yafe mini.

Jumma’a, 22 ga Maris

Da, a shago ake rataye ganga in an ciwo ta, kowa ya zo ya gani. Tun da aka fara shari’a malaman unguwa suka sa ido a kan kiɗa, shi ya sa na sa ta a buhu na tura ƙarƙashin gado. Abin da na gaya wa matata Siddiƙa ke nan, kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya.

Yau ta ce, “Maigida, abin nan naka gurnani yake yi da rana tsaka.” Na ce zafi ne ke jan fatar. Zafi ne mana. Amma ni ma na ji bayan an sauko daga masallaci, sau biyu, ƙasa-ƙasa.

Laraba, 17 ga Afrilu

Bari in faɗa tunda takarda ba ta da baki.

Ni ne a kujerar baya. Na ɗora gangar a taga ina dukanta da tafin hannu don Mati ya gani. Shi kuma hannu ɗaya a kan babur, ɗayan ya ɗaga sandar sama yana kiran sunana. Ba zagi ba, sunana kawai. Sai tumaki suka ƙetara titi. Na gan shi ya faɗi, na ga babur ɗin ya bi ta kansa. Duk motar waƙa ake yi, ba wanda ya waiwaya. Ya’u ya leƙa madubi ya ce, “Me ya faru a baya?”

Na ce, “Ba komai, taka.”

Da mun tsaya, da mu za mu kai shi asibiti. An ce ya fi awa guda a bakin titi kafin wata motar kaya ta ɗauke shi.

Lahadi, 2 ga Yuni

Duk gari maganar kofin duniya ake yi, gidajen kallo sun cika. Ban je ba. Na zauna shago ina ɗinki, sai na ji ƙafata tana taka keken da irin kiɗan da Mati yake yi in sun ci ƙwallo. Na tsaya. Na sake farawa, haka dai. Na lalata wuyan rigar mutane.

Alhamis, 20 ga Yuni

An yi ruwa mai kyau. Wani mai sayar da yadi daga Mashi ya fake a shagona, bai san ni ba. Cikin hira ya ce sun yi wa Nagoggo, mahaifiyar Mati, gayya a gonarta, ba ganga, kowa ya sunkuya shiru sai ka ce masu haƙa kabari. Ya ce samari sun so su zo Daura su ƙwato ta, tsohuwar ta hana. Na ce me ya sa? Ya ce oho.

Tsoro nake ji. Ba tsoron samarin ba.

Litinin, 1 ga Yuli

Na je. Ni kaɗai, da buhu a cinya.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Inna, ni ne Munzali.” Ba ta tambayi ko wane Munzali ba. Na ajiye buhun, na gaya mata duka, har da “taka”. Hannunta bai daina ɓarar ba sai da na kai ƙarshe.

Ta ce, “Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, ɗana. Ni nawa na yafe.” Ta shiga ɗaki ta fito da sandar, ta ɗora a kan gangar. Sannan ta ce, “Shi ya hana a je. A kan gadon asibiti ya ce, ‘Ku ƙyale Munzali, wasa yake yi, da kansa zai kawo ta kafin sati.’ Ni dai kullum ina duban ƙofa.”

Sati goma sha shida. Na ƙirga a mota, na sake ƙirgawa.

Asabar, 17 ga Agusta

Sun zo filinmu da sabuwar ganga da sabon mai kiɗa. Mun ci biyu da ɗaya. Da aka tashi mutanenmu suka yi ta ihu, “Munzali, ɗauko mana!” Na ce kafaɗata ke ciwo. Kafin su sami wani, motar ’yan Mashi ta fita da gangarta.

Ya’u ya ce wai da suka jefa ƙwallonsu guda ya ga hannuna yana kiɗa a kan gwiwa. Sauro na kora.

Siddiƙa ta ce ɗakin ya yi shiru yanzu. Ni ban ce ya yi ba.