Fuskar Inna a Inuwa

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau. Aikin gyaran launin bidiyo na tafiya, barci ne dai sai a hankali.

Kin tuna bidiyon da na ɗauki Inna tana ɗinki a inuwa, kafin rasuwarta? Na matse shi don ya shiga waya, na goge babban daga kwamfuta. Yanzu ni ke hana mutane yin haka. Don Allah ki duba tsohuwar kyamarata, ko katin ajiyar da na ɗauki bidiyon a kansa yana ciki.

Jiya na ƙara wa bidiyon haske don in ga fuskarta, sai ta farfashe, ta zama dabbare-dabbare. Muryarta kuwa tana nan ras, tana ce mini, "Zo kusa, ba na ganinka."

Allah ya jiƙanta.

Ƙaninki.