Jalo Zai Dawo ta Yamma

Zuwa ga jikata Badi'a, a Kabo.

Assalamu alaikum. Ya gida, ya 'yan makarantarki? Malam Nata'ala tela ke rubuta mini, kin san ba na magana da wayar nan taku.

Tun shekarar da rana ta yi husufi, kaji suka shige akurki da hantsi, ƙanena Jalo ya bi ɓatacciyar saniya ya nufi gabas. Har yau ina ƙofar gida ina duban gabas. Kin ce in dawo Kabo don katangar yamma ta tsage, damina za ta kayar mini da ɗaki. Ba inda za ni. A gidan nan aka binne cibiyata da tasa. Nan ne tsakiyar duniya, nan zai neme ni.

Kakanki, Maikuɗi, Dugabau.

Angona Kaka,

Wa alaikumus salam. Rigimarka ta fi ƙarfina. Abin da nake koya wa yara kenan: sararin samaniya ba shi da tsakiya. Duk inda ka tsaya sai ka ga kamar kai ne a tsakiyar, Kabo ko Dugabau duk ɗaya. Wasu masana ma suna zaton sararin a lanƙwashe yake, wanda ya miƙe sak ba tsayawa zai iya ɓullowa ta bayan inda ya tashi. Zato ne kawai. Don Allah ka haɗa kayanka.

Amaryarka, Badi'a.

Badi'a,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya yi miki albarka, kin buɗe mini ido. Ashe bayana ya kamata in duba! Na ɗauke tabarma na koma bayan gida, gindin katangar yamma. Akwai mutum tsaye can ƙarshen gonar maƙwabcina Haladu, ya ratsa sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa, yadda Jalo yake yi. Ba na ganin ya ɗaga ƙafa, amma kowace safiya ya fi jiya kusa. Gemunsa baƙi ƙirin, bai tsufa ba. Nata'ala ya ce shi dawa kawai yake gani.

Maikuɗi.

Kaka,

Na roƙe ka don girman Allah, ba haka nake nufi ba. Tafiyar da na faɗa ba ta ƙafa ba ce, ba wanda zai iya ta. Kada ka ƙara zama gindin katangar nan. Ranar Juma'a ina nan tafe da mota.

Badi'a.

Amarya,

Sallama. Kada ki wahalar da mota. Ya iso. Yana jikin katangar ta waje, ta tsagar nake ganin idonsa. Na ce ya zagayo ta zaure, bai gusa ba. Sai na gane: mai tafiya sak ba ya karya kwana. Nata'ala ya ce katangar ta sha ruwa, in na taɓa ta da ni za ta tafi, kuma daga yau ba zai sake rubuta mini ba.

Gobe in na idar da asuba zan ɗauki diga in fasa masa ƙofa.

Ki gaida mutanen gida.

Maikuɗi.