Mama, Ba Ke Muka Karanta Ranar Jana'izarki Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Laraba,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kina hutawa a inda babu ciwon gwiwa. Mu nan Romi lafiya lau. Yaya Bitrus da iyalinsa suna nan ƙalau. An gyara rufin ɗakinki da yake yoyo. Gwaibarki ta yi 'ya'ya sosai bana, yaran unguwa sun gama da ita tas, tunda yanzu babu mai korar su.

Bayan gaisuwa, dalilin wannan wasiƙa shi ne in faɗa miki wani laifi da na yi miki. Ran Lahadi mai zuwa za mu yi sujadar godiya ta cikarki shekara guda da tafiya, kuma ba na so in shiga coci da wannan abu a wuyana.

Kin san yadda muke yi in an yi rasuwa. Sai an buga takardar jana'iza, hoton mamaci a gaba, waƙoƙi a ciki, sannan shafin tarihin rayuwa da za a karanta a gaban jama'a. Naki tarihin ni aka ɗora wa, tunda ni ce mai aiki da kwamfuta a ofishin makaranta. Mai buga takardu ya ce in rubutun bai iso masa kafin ƙarfe huɗu ba, to mu haƙura. Gida cike da masu gaisuwa, kaina ya toshe, na kasa haɗa ko jimla ɗaya.

Sai na zaga bayan kicin da wayata, na buɗe manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ake kira AI, wadda ake yi wa tambaya ta amsa kamar mutum. Layi biyu kacal na rubuta mata: uwa ce Kirista, 'yar zumuntar mata, ga sunanta, ga sunayen 'ya'yanta. Kafin ruwan shayin baƙi ya tafasa ta ba ni shafi guda cur. Na duba sunaye na ga daidai, na tura. Tsakiyar ban karanta ba.

A coci na fara jin abin da na aika, daga bakin Yaya Bitrus. Wai ke mace ce mai sanyin hali, mai kawaici, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ke, Mama! Ke da in kika ƙwala mini kira daga bakin titi sai kaji su watse. Yaya Bitrus kansa sai da ya dakata ya sake duba takardar. Daga layin zumuntar mata na ji tari ya yi yawa.

Da muka dawo gida daga maƙabarta, Mama Saratu, aminiyarki da kuka shekara da shekaru kuna sayar da citta da acca a rumfa ɗaya, ta kama ni a wuyan hannu. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “Rifkatu, wace ce wannan da kuka karanta? Ni Laraba na zo binnewa.” Daga ranar, tsakanina da ita sai sannu, sai yauwa. Matar da ta goya ni.

Yanzu ga abin da zai ba ki dariya. Wata huɗu da suka wuce Fasto ya roƙe ni in riƙa koya wa manya yadda ake amfani da wannan abu na AI. Ni ɗin nan. Na karɓa, ban gaya masa komai ba. Kowace Asabar bayan koyon waƙa muke haɗuwa a ɗakin karatun yara, manya-manyan mutane a kan ƙananan bencina, gwiwa har ƙirji.

Darasin farko ba wuya. Ina nuna musu inda za su danna su yi magana da baki, tunda yawancinsu ido ya yi rauni, rubutu kuma a ɗan allon nan wahala ne. Hannatu tela ta koyi sa shi ya tsara mata saƙon da za ta tura wa masu ɗinki in kaya sun kammala, ba tare da ta zagi kowa ba. Malam Danjuma, da yake zuwa tun daga Kakau a kan mashin, ya tambaye shi tsutsar da ke cin masararsa. Na ce ya saurari amsar, amma kafin ya sayi magani ya kai ganyen wurin malamin gona ya gani da idonsa.

Baba Yohanna, wanda ya yi ritaya daga matatar mai ta Rido, shi ya raɗa wa AI ɗin suna Akawu, sunan kuma ya bi shi. Ba ya tambayar Akawu komai sai ya gaishe shi, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Na gaji da hana shi, na ƙyale.

Abin da nake nanata musu kullum ba shi da yawa. Kada a ba Akawu lambar sirri ta banki. Kada a sha magani don ya ce a sha. Duk abin da ya rubuta a karanta shi daga farko har ƙarshe kafin a tura wa wani. In na zo kan wannan na ƙarshen, nakan faɗe shi ina kallon allo, ba fuskokinsu ba.

Mama Saratu ba ta taɓa fashin aji ba. Takan zauna can baya, wayarta a ƙulle cikin hankici a bakin zane, ba ta taɓa kwance ta ba. Kallona kawai take yi. Na san ba karatu ya kawo ta ba.

Sati biyu da suka wuce, babbar yayar Baba Yohanna ta rasu a ƙauye. Ya zo aji da hotonta, ya miƙo mini waya ya ce in sa Akawu ya rubuta musu tarihinta, ai ya iya kalmomi masu daɗi, shi ba shi da lokaci. Na kalli hoton tsohuwar, na ji kunya ta rufe ni. Takardar jana'izarki tana cikin Littafi Mai Tsarki nawa tun ranar, a ninke. Na ciro ta, na karanta musu shafin nan da ƙarfi, sannan na faɗa musu yadda aka yi aka same shi. Na ce Akawu bai san ki ba, ban kuma gaya masa ko wace ce ke ba, sai ya ɗauko uwar kowa ya ba ni. Laifin nawa ne.

Sai na ji benci ya motsa a baya.

Mama Saratu ta miƙe ta ba da labarin da ban taɓa ji ba, don lokacin ina makarantar kwana. Ta ce da mijinta ya mutu, ko sati biyu ba a yi ba danginsa suka zo da mota za su kwashe kaya har da takardun gida. Wani ya kai miki labari a kasuwa. Kika taho da ƙurar citta a jikinki, kika ɗauki taɓarya kika tsaya a bakin ƙofa. Ba ki doki kowa ba. Ihu kika yi ta yi, kina kiran kowannensu da sunansa da sunan ubansa, har layin ya cika, har dattawan coci suka iso. Motar ta koma wayam. Ta ce, “Da Laraba ba ta da murya, da ni da 'ya'yana a titi muka ƙare. Shi ne za a ce ba ta taɓa ɗaga murya ba?”

Daga nan kowa ya ɓalle. Hannatu ta ce ke kika kai mata abinci asibiti kwana tara, kullum kina yi mata faɗa don ta ƙi ci. Wata ta tuna ranar da wa'azi ya yi tsawo kika ɗaga agogonki sama har Fasto ya gani. Ni kuma na tuna abin da kike ce mini tun ina ƙarama: “Buɗe baki ki yi magana, ba na jin raɗa.” Na danna wurin magana, na bar waya a tsakiya tana ɗauka.

Ranar ce na koyar da darasin da ya kamata in fara da shi. Na ce wa Akawu ya tsara abin da muka faɗa kawai, kada ya ƙara ko kalma ɗaya tasa, in akwai abin da bai gane ba ya tambaye mu. Ya kuwa tambaya: garin da aka haife ki, da shekarar da kika zo Kaduna. Ya jera komai tsaf, aikin da ni zai ɗauke ni yini guda. Amma halinsa na son gyara mutane bai bar shi ba, inda muka ce mafaɗaciya sai ya mayar da shi mai faɗin gaskiya cikin ƙauna.

A nan Mama Saratu ta kwance hankicinta. Ta sa na nuna mata inda ake dannawa, na tura mata rubutun, ta kawo wayar daf da baki ta ce, “Mafaɗaciya ce. Rubuta haka.” Ya rubuta, har da ba da haƙuri. Baba Yohanna ya mayar da hoton yayarsa aljihu, ya ce zai je ƙauye ya zauna da tsofaffi tukuna, ya ji ta bakinsu.

Mama, gidan nan ya yi shiru da yawa. Da ina jin kunyar muryarki in kin zo makarantarmu, ina ɓuya bayan ƙawayena. Yanzu da yamma in na dawo aiki, nakan rage tafiya a bakin titi ko zan ji an ƙwala mini kira. Ina kewarki ƙwarai, har da faɗan. Ki yafe mini da na bari aka sallame ki da halin wata.

Da aka tashi aji ranar nan, Mama Saratu ta sake kama ni a wuyan hannu, daidai wurin da ta kama bara. Ta ce in biyo ta gida, ta tuƙa tuwon acca. A hanya ta ce ita za ta karanta sabon tarihin ran Lahadi, kuma ba ta buƙatar lasifika.

Ubangiji ya ba ki hutawa a gabansa, ya riƙe mu da muka rage, ya ba ni bakin faɗin gaskiya ko da rabin naki ne. In mawaƙan sama suna jan waƙa da sanyin jiki, na san kin riga kin yi musu magana. Ran Lahadi ki kasa kunne, Mama. Wannan karon ke za a karanta.

Taki har kullum,
Rifkatu, autarki