Takardun Baba Mai Lofe

Unguwar Boro, Kaduna
14 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga maigidana Jethro,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan kana lafiya. Yaya Makurdi, yaya aikin reluwe a sabon wuri? Ina fatan sauron bakin Binuwai ba zai cinye ka duka ba kafin in iso. Ni lafiya ƙalau, maƙwabta duk suna gaishe ka.

Na san ka sa rai ƙarshen watan nan za ka tarye ni a tasha. Kada ka je, ba zan zo ba tukuna. Kafin ka ɓata fuska ka karanta har ƙarshe.

An binne Baba Mai Lofe kamar yadda na aiko maka a talgiram. Coci ya cika da tsofaffin ɗalibansa. Fasto ya yi ta kokawa da sunan Mista Alderwick, daga baya ya haƙura ya ce Baba kamar kowa. Aka ba da tarihinsa, yadda ya baro Ingila don ya koyar da Turanci na ɗan lokaci, Kaduna ta riƙe shi har ya yi furfura. Aka ɗaga littattafan waƙoƙinsa da aka buga a Landan aka nuna wa jama'a. Na yi kuka sosai, ban ɓoye ba.

Abin da ban gaya maka ba shi ne, a asibiti ya kama hannuna ya ce waƙoƙin littafinsa na ƙarshe suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. Ya ce in buga su da tafireta kamar yadda na saba buga masa tun da na gama makaranta, in aika wa kamfaninsa a Landan. Na ce to. Alkawari kaya ne, kuma wanda na ɗaukar wa ba ya nan balle in nemi sassauci.

Da na sami hutu a masaƙa na je gidansa a Barnawa, sai na tarar wayam. Mai gidan haya ya matsa wa Dauda, kukun Baba, ya kwashe kaya. Dauda ya goge littattafan da aka buga ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su a sabon zane, ya miƙo mini yana jiran yabo. Na tambayi kwalin. Ya ce ai waɗancan shara ce, duk an soke an sake sokewa, ya bayar wa mai yawon sayen tsofaffin takardu. Jethro, littafin da yake tattali akwai irinsa a shagunan Landan, wanda ya zubar kuwa babu na biyunsa a duniya. Na faɗa masa maganganu. Da ya gane abin da ya yi sai ya zauna a ƙasa ya dafe kai, ni kuma na ƙyale shi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kai ma ka san inda tsohuwar takarda take ƙarewa a garin nan, wajen masu ƙosai da gyaɗa da tsire. Can zan bi su. Ka ce ina da taurin kai, da shi ka gan ni ka aura.

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah ya tsare.

Matarka,
Irene

Unguwar Boro, Kaduna
18 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga maigidana Jethro,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya tarin da ka ce ya dame ka? Wasiƙarka ta iso. Na ga inda ka ce waƙa ba tuwo ba ce, kuma mataccen Bature ya fi rayayyen miji daraja. Na yi dariya, sannan na ji haushi, yanzu na huce.

Kullum aka tashi daga aiki sai in kama hanya. Na bi Kakuri, na bi Nasarawa, na leƙa bakin tasha. Ba a kwance wa mai sana'a takardunta haka kawai, dole in saya, don haka na ci ƙosan da ya ishe ni har tsufa. Na karanta takardun jarrabawar 'ya'yan mutane da jaridun bara masu yawa. Abokan aiki har sun sa mini suna sufeton ƙosai.

Ranar Asabar a Makera na sayi ƙosai wajen wata dattijuwa, Inna Asabe. Ina buɗe ƙullin sai ga hannun Baba, rubutun nan nasa mai kama da sawun kaza, mai ya jiƙa shi sharkaf. Sai na zube a bencinta. Ta ɗauka ciwo ne ta miƙo mini ruwa. Da na yi mata bayani ta ce lallai ta sayi kwali guda, ta kuma yi ƙulli da mafi yawansu, amma ta ware wasu da ba a zuba abinci a cikinsu.

Ka tuna ɗan zanen nan da Baba ke yi a saman shafi, wanda nake tsallakewa in ina bugu? Ni ado na ɗauke shi. Ashe bisimilla ce. Ya taɓa gaya mini malamin da ya koya masa Hausa da ajami a Zariya ba ya barinsa ya fara rubutu sai da ita, abin ya zame masa jiki, amma ban riƙe maganar ba. Inna Asabe ba ta jin Turanci ko kalma, sai dai duk takardar da ta ga sunan Allah a kanta ta ajiye ta gefe, ta kai wa limamin unguwarsu, Malam Haruna. Shi kuwa yakan tara irin waɗannan takardu ya ƙone su a wuri mai tsabta ya binne tokar, don kada a tattaka.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ta haɗa ni da ƙanwarta muka tafi, ina tafe ina duban sama ko zan ga hayaƙi. Muka same shi a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya. Takardun suna nan a cikin buhu, ya ce ran Juma'a ya yi niyyar ƙonawa.

Ya saurare ni da kyau, amma ya ce ba zai bayar ba. Takarda mai sunan Allah da aka damƙa masa amana ba za ta tafi ƙasar da bai san hannun da za ta faɗa ba. Na yi roƙo, na kawo hujja, har murya ta fara ɗagawa, ka san ni. Shi ko gezau. Da na ga ƙarfi ba zai yi ba sai na tambaye shi ko zai bari in kwafe Turancin a gabansa, takardun ba su bar ƙofar gidansa ba. Ya ja carbinsa, sannan ya ce wannan ba laifi, ya kuma fasa ƙonawa.

Saboda haka gobe ni da tafiretata sai Makera. Ka ƙara haƙuri, kuma ka nemi zuma da lemon tsami saboda tarin.

Matarka mai taurin kai,
Irene

Unguwar Boro, Kaduna
6 ga Janairu, 1985

Zuwa ga maigidana Jethro,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya sa mu ga ƙarshenta lafiya. Yaya jiki? Na ji zafin yin Kirsimeti ba tare da kai ba, kuma na san kai ma ka ji, ko da yake a katinka sunanka kawai ka rubuta.

Aiki ya yi nisa. Da la'asar nake zuwa. Malam Haruna ya sa an ba ni tabarma da ɗan teburi, shi ke fitar da takarda ya jingina ta a jikin allo, in na gama ya mayar ya fito da wata. Da farko unguwa ta yi ta kallonmu, yanzu an saba. Wani lokaci yakan ce in fassara masa. Na fassara masa wadda Baba ya yi a kan matan da ke wanki a bakin kogi ƙarƙashin gadar jirgi, ya ce lallai Baturen nan yana da ido. Ya kuma ce bisimillarsa a karkace take amma babu harafin da ya ɓace. Ya fitar da takardun daga buhu ya sa su a gafaka.

Kamfanin Landan sun amsa. Suna son littafin, kuma wata jami'a tana neman ainihin takardun ta adana. Na rubuta musu cewa takardun suna hannu mai kyau, mai son gani ya zo Makera ya yi sallama.

Yanzu ga abin da ya sa na daɗe ban rubuto ba. Baba a farkon waƙa kawai yake sa bisimilla. Waƙoƙinsa gajeru ne, shafi ɗaya, shi ya sa suka tsira cif. Abin da ya tafi a ƙosai yawanci gwaje-gwaje ne da wasiƙu. Waƙa ɗaya ce ta zarce shafi guda, kuma shafin farko kaɗai ya rage.

Ta 'yarmu Saratu ce, Jethro.

Na san ba ma kiran sunanta. Tun da ƙyanda ta ɗauke ta ka kulle bakinka, ni ma na bi ka na kulle nawa. Amma dole in rubuta shi yau. Ka tuna Baba ya zo gidanmu bayan kwana arba'in ya karanta mana waƙar, ka tashi ka fita kafin ya kai tsakiya. Ni kuwa kuka ya toshe mini kunne, ban riƙe komai ba. Bai taɓa ba ni ita in buga ba, ina jin tausayina ya ji.

Shafin da ya rage yana ba da labarin yadda takan sace masa lofe ta ɓoye a cikin takalmi ko bayan tukunyar fure, ta tsaya tana kallonsa yana nema, dariya na cinta. Shafin ya tsaya daidai inda tsohon ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashin kujera. Daga nan babu. Da na kai wurin na kasa ci gaba da bugu, Malam Haruna ya lura, ya mayar da takardar ya ce a bari sai gobe.

Na koma wajen Inna Asabe mun zazzage duk abin da ya rage, har rijiyar shara na tona. Babu. Na yanke shawara zan aika da ita haka guntuwa, da babu gara ba daɗi. Amma raina ba ya so. 'Yarmu ba ta daɗe a duniya ba, ga waƙarta ma an yanke.

Na sa maka kwafin shafin a ciki. In ba za ka iya karantawa ba ka ajiye, ba zan ga laifinka ba.

Matarka,
Irene

Unguwar Boro, Kaduna
3 ga Fabrairu, 1985

Baban Saratu,

Ina gaishe ka da sunan da na daɗe ban kira ka da shi ba. Yaya jikinka, yaya zuciyarka?

Wasiƙarka ta same ni a ofis. Na ga kaurinta na ce yau kuma wane faɗa aka ƙunso mini. Da na buɗe na ga baitocin Turanci da hannunka, an jera su tsaf daga inda shafin ya tsaya har ƙarshe, sai na shiga ɗakin ajiyar takardu na rufe ƙofa.

Ashe duk Asabar ɗin nan da kake cewa za ka kallon ƙwallo, Barnawa kake zuwa. Ashe zama kake yi a barandar Baba ka ce ya karanta maka, in ya gama ka ce ya sake, har ta zauna maka a ka. Ni ina gida ina cewa mutumin nan zuciyarsa dutse ce, ƙwallo ma yake iya kallo. Kai da ka ce waƙa ba tuwo ba ce. Na yi fushi da ka bar ni ina kuka ni kaɗai alhali kai ma kukan kake yi a wata unguwa, amma fushin bai kai yamma ba.

Ban yi shakkar ko kalma ɗaya ba. Na buga wa Baba rubutu shekara da shekaru, na san tafiyar maganarsa kamar yadda na san takunka a tsakar gida. Na buga ta, na rubuta wa kamfanin gaskiyar yadda aka yi, cewa rabi daga takarda ne, rabi daga bakin uban yarinyar. Na ce in za su buga su faɗi haka a ƙasan shafin, in ba za su faɗa ba su dawo mini da littafin duka. Jiya na kai ƙunshin gidan waya da hannuna, na tsaya har aka buga masa hatimi.

Kafin nan na biya Makera na yi sallama. Inna Asabe ta cika mini leda da ƙosai, na karɓa don kunya. Malam Haruna ya tambayi yadda waƙar ta ƙare, na fassara masa: tsohon ya miƙe daga durƙuson ya ce ya daina neman lofen, ya san wadda ta ɗauka, ya san inda ta tafi da shi, in ya isa can zai karɓa. Malam ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya kuma ce in gaishe ka.

Na sauke kayan alkawarin Baba. Na ba da takardar barin aiki, na ɗaure akwatuna. Ka tarye ni a tasha ranar Asabar. Littafin zai fito ko a ƙarshen shekara, amma ni ba zan jira shi ba. In na iso, kafin ka tambaye ni yaya hanya, so nake ka zaunar da ni ka karanta mini ita da bakinka tun daga farko. Wannan karon babu mai tashi ya fita.

Taka har kullum,
Maman Saratu