Inuwar Tsamiyar Gidanmu na Runka

Assalamu alaikum Yaya Kabiru,

Ina gajiya, ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Batsari lafiya lau, alhamdu lillahi.

Godiya na rubuto in yi maka. Hoton gidanmu na Runka da nake haɗawa a kwamfuta, a da sai ta yini tana fitar da shi har caji ya ƙare. Yanzu kafin tuwo ya nuna ya fito. Shawararka na bi, na kashe tarin fitilun da na jera a cikin hoton don haska shi, na bar rana kaɗai.

Da Inna ta gani sai ta ce, "Wannan ba gidana ba ne. Yaushe inuwar tsamiya ta taɓa hawa rumbu?" Ta nuna mini yamma da yatsa, na yi ta juya ranar har inuwar ta kwanta a ƙofar zaure.

Shekara huɗu rabonta da gidan, tun da rashin tsaro ya taso mu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "La'asar ta yi. Nan mahaifinku yake shimfiɗa buzunsa."

Allah ya saka maka da alheri. Ka gaishe da kowa, kuma a taya mu addu'a, Allah ya sa Inna ta sake zama a inuwar nan.

Ƙanwarka,
Binta