Masu Zama a Cikin Irmiya

Litinin, 3 ga Maris, 2025

Mun dawo daga asibiti a Abuja. An sake yi wa Irmiya ƙarin ruwan maganin, amma hoto ya nuna ƙullun ciwon dajin da ke ƙodarsa ya ƙaru. Dokta Temitope ta ce wannan magani ba shi ke kashe ciwon ba, garkuwar jiki yake tasa ta yi faɗan. Sai ta tambayi mijin nawa ko yana shan wani abu a gefe. Ya ce a'a, yana kallon silin. Na san wannan kallon.

Alhamis, 6 ga Maris

Na gano. Kafso ja da baƙi, cikin safa, a ƙasan akwati. Al'adarsu ce direbobin tasha, duk ƙarshen mako a sha a "wanke ciki". Shi kuwa sarkin wayo ninkawa yake yi kafin kowane ƙarin ruwa, wai don maganin ya tarar da wuri tsaf.

Na kira dokta. Ta ce akwai ƙananan halittu masu rai a hanjin kowa, ba su ƙirguwa, kuma wasunsu ke taimaka wa garkuwar jiki ta amsa kiran maganin. Kafson yana kashe su. "Madam, ya share su. Gida ba kowa."



Asabar, 15 ga Maris

Da rana yana barci na ɗora kunne a cikinsa. Cikin da har a coci yake ba ni kunya da ƙugi. Tsit, kamar ɗakin haya da aka kwashe kaya.

Lahadi, 30 ga Maris

Dokta ta ce a ciyar da waɗanda suka rage: wake, zogale, rama, tuwon dawa da dusarsa. Ta ce ba tabbas, amma a gwada. Ni Hannatu, da nake wanke tumatir da sabulu, yau kiwon ƙwayoyin hanji nake yi a nan gidanmu na Iku.

Irmiya bai taɓa son wake ba, kan wake mun sha faɗa. Yau ya share kwano ya miƙo. "Maman Titus, ƙaro. Ba ni ke jin yunwar ba." Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Sun dawo. Na ji ƙuginsu a cikinsa.

Talata, 22 ga Afrilu

Hoto: ƙullun bai ƙaru ba! Dokta ta ce kada mu yi saurin murna, ba ta san ko su ne dalili ba. Ni na sani.

A mota muna dawowa, duk ramin da muka faɗa sai in tare masa ciki da hannu, kamar mai juna biyu. Ya ce in bari, mutane na kallo. Yanzu in ya yi shiru ya zuba mini ido, sai in ji ba shi kaɗai ke kallona ba. Ina jin tsoro. Ina kuma son su, Allah ya gafarta mini.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Zazzaɓi da tari tun jiya. Mun koma asibiti. Dokta ta ce cuta ta shiga huhunsa, ta rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na ce, ba zai kashe namu ba?

"Zai taɓa su," in ji ta. "Amma wannan dole ne, madam. Huhu ba ya jira. Yau zai fara."

Asabar, 26 ga Afrilu

Na sayi maganin tun jiya a wani kemis a unguwar Magajiya. Yana cikin jakata. Na ce masa ban samu ba.

Jikinsa zafi rau, numfashin na fita da ƙyar. Na dama kunun dawa na ba shi a baki, ya sha kaɗan. Ya riƙe hannuna ya ce, "Maman Titus, ki leƙa wani kemis ɗin mana." Na ce to.

Ba hana shi na yi ba. Gobe zan ba shi, da sassafe. Su dai ƙara kwana ɗaya.